Muzurun Nuala da Kujerar Hughie

A ƙauyenmu na bakin teku, can Donegal a ƙasar Turawa, babu wanda bai san Nuala Devenney ba. Ƙuruciyarta duk a masana'antar kifi ta ƙare, har ta tsufa ƙarnin bai bar rigar sanyinta ba. Mutane sukan ɗan ja da baya idan suna gaishe ta, kyanwoyi kuwa har gida suke raka ta.

A zamanin, kowace bazara wata likitar dabbobi mai suna Dervla takan zo zauren coci ta yi ranar rangwame: allurar rigakafi, fiɗiyar muzurai, da aikin hana haihuwa ga matan. Kyanwoyin gida a biya abin da bai taka kara ya karya ba. Na titi kyauta ne, sai dai a ɗan yanke musu tsinin kunnen hagu, don kada a sake kamo su baɗi. Nuala ce mai kamun. Da kwandon kama ƙaguwa na marigayi mijinta Hughie take yi, ta jefa kan kifi a ciki ta koma gefe tana saƙa.

Bayan rasuwar Hughie wani baƙin muzuru mai farin wuya ya soma zuwa mata. Da hantsi zai shigo ta taga, ya miƙe a kujerar mamacin kusa da murhu, la'asar na yi ya fice. Fada take ce masa, wai ya yi kama da limamin cocinmu. Shi ne abokin hirarta, kuma bai taɓa katse ta ba, abin da Hughie bai iya ba. Tunda ba a gidanta yake kwana ba, ta ɗauka na titi ne, ranar rangwame ta kai shi. Dervla ta shafa masa na'urar da ke gano alamar da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fatar wuya, ba ta ga alamar mai shi ba, ta yi aikinta.

Washegari ina shanya a tsakar gidana da ke jikin na Nuala, sai ga Packie McGlynn, tsohon masuncin nan na kan tudu, ya sauko da muzurun a hammata.

"Misis Devenney, wa ya taɓa mini Kyaftin?"

"Wane Kyaftin? Wannan ai Fada ne."

"A gadona yake kwana tun yana ɗan mitsitsi. Ya fita da kunne biyu, ya dawo da ɗaya da rabi. Sauran abin da ya ɓata ba zan faɗa a gaban mace ba."

"Da ka sa masa alama kamar kowa, ai da likita ta gani. Rowa ta hana ka."

"Rabin kyanwoyin ƙauyen nan jininsa ne."

"Na sani, Packie. Ni nake kwaso su a bayan masana'anta, ido duk kwantsa."

Packie ya ce daga yau kulle shi zai yi, ya juya da abinsa. Da na leƙa Nuala cikin makon, na tarar ta dafa kifi ta ajiye a faranti, taga a buɗe duk da sanyin iskar teku, ita kuma tana zaune tana kallon kujera.

Kullen bai daɗe ba, don muzurun ya hana Packie barci da kuka. Ana buɗe masa ya gangaro gidan Nuala. La'asar ta yi, bai motsa ba. Ashe ba ƙaunar Packie kaɗai ke hawar da shi tudun ba, har da kyanwoyi mata da ke rumbun wata gona can sama. Yanzu ba abin da zai nema wurinsu, ga hawa da wuya.

Da yamma Packie ya zo ɗaukarsa, Nuala ta zuba masa shayi da burodi. Washegari ma haka. Ana nan ya daina ɗauka, wai muzurun ya yi nauyi, amma bai daina zuwa ba. Kujerar Hughie dai ta Fada ce, Packie ɗan benci aka ba shi, a kai ya ƙarasa tsufansa.

Yanzu an daina ranar rangwame a zauren coci, sai ka buga waya birni ka jira layi. Su biyun suna kwance a maƙabartar coci, ba nisa tsakaninsu. Amma idan na ga kyanwa mai guntun kunne a tashar jiragen ruwa, nakan ji muryar Packie a ƙofa yana gyara hula.

"Sai da safe, Kyaftin."

Nuala kuma daga ciki: "Fada, amsa wa baƙonka."