Waƙar da ta tsayar da gayyar gyaɗa

Jiya a kasuwar Gwarzo wani saurayi ya durƙusa ya gaishe ni, wai in zo bikinsa in rera "waƙar nan ta gonar kakanmu". Yana ambaton gidansu a Kabo na ji raina ya ɓaci.

Zamanin gyaɗa ne, ina matashi da ɗan gurmina. Ban gaji kiɗa ba, ba ni da ubangida, waƙar da ta zo mini ita nake yi. Kakan nasa ya tara gayyar cirar gyaɗa, makaɗan noma ba su zo ba, aka ce a nemo ni. Ni kuwa sai na ɗauko wata mai sanyi da na yi wa budurwata da ta koma Getso ta bar ni. Kafin in yi nisa, samari duk sun ajiye fartanya sun saki baki.

Mai gona ya taso yana huci. "Kai yaro, kiɗan aiki na ce ko zaman makoki? Fice mini daga gona!" Ko furar gayya bai bari na sha ba. Labari ya zaga, kakar nan babu wanda ya sake kirana.

Na ce wa saurayin, "Ɗan nan, kakanka fa korata ya yi a kan waƙar nan."

Ya ce, "Baba, ai har ya rasu ita yake rerawa ƙasa-ƙasa in yana ɓarar gyaɗa."

Allah Ya jiƙansa. Amma jama'a, ku yi mana hukunci: mutum ya hana ka fura, sannan ya riƙe waƙarka har kabari, in je bikin jikansa ko kar in je?