Bencin Malam Iro

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai mahaifinmu, Malam Iro Kafinta, makwancinsa. Shi ne mai unguwar layukanmu a Tudun Wada har Allah ya karɓi abinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in rasa ta inda zan kama. Bana na samu bakin zaren.

Baba bai bar gidajen haya ba, bai bar mota ba. Ya bar gida ɗaya, da Innarmu, da mu shida, da wani benci. Da hannunsa ya ƙera shi da katakon maɗaci, dogo, mai nauyin tsiya, duk ƙarfin ƙato ba ya ɗaga shi shi kaɗai. A zaure yake kwana, ƙofar zauren kuwa matsattsiya ce, sai an karkata shi yake fita. Mun daɗe muna yi wa Baba tsiya a bayan ido: kafinta guda, ya yi bencin da ya fi ƙarfin ƙofarsa! Ashe mu ne ba mu san dawan garin ba.

In mutum biyu suka kawo masa ƙara, ba ya sauraronsu a zaure. Sai ya miƙe ya ce, "Nan ya yi zafi, ku fito mini da bencin nan gindin mangwaro." Ya yi ficewarsa ya bar su. Kuma ko kana tsaye a wurin, ba ka isa ka sa musu hannu ba.

Ba na manta ranar da Malam Sale mahauci ya zo da maƙwabcinsa Mista Bulus, mutumin Filato mai aiki a masaƙa, a kan ruwan kwata. Kowa na huci. Suka tsaya kallon bencin kamar za su cinye shi, can dai suka kama. Mista Bulus ke tafiya da baya, sai muka ji Malam Sale ya ɗaga murya, "Oga, a hankali, akwai dakali a bayanka!" Da suka dire, Baba ya dubi Mista Bulus ya ce, "Wanda ya ji tsoron kada ka faɗi, shi zai cuce ka a kan kwata?" Kafin shayi ya huce an gama shari'a. Daga baya Mista Bulus ya koma Narayi da iyalinsa, amma ranar rasuwar Baba a kan bencin nan ya wuni, yana kuka kamar shi aka yi wa mutuwa.

A cikin gida ma haka yake. Tire ɗaya muke ci da shi, kuma ba ya yarda ka ɗauki kwano ka koma gefe don kana fushi da wani. In ya saɓa da Inna, shi ke fara cewa "Uwar gida, a yi haƙuri," ko da shi ke da gaskiya. Ba ya wa'azin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nauyin kawai yake miƙa maka ka ji da kanka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Rigimar unguwa ta koma cikin waya. Mutum na kwance a ɗakinsa zai aika wa maƙwabcinsa zagi da murya, mutum ɗari su saurara, ba wanda ya ga idon wani. Na tabbata Baba zai jujjuya wayar a hannu ya ce, "To wannan ta ina mutum biyu za su kama?"

Sai dai ba ni da bakin zagin zamani, domin ni ma na yi abin kunya. Shekara biyu ba ma magana da Yaya Lawal, babban wanmu, wanda ke zaune a gidan da Inna. Ya ce zai mayar da zauren shago don babban ɗansa ya samu sana'a. Na ce sai dai bayan raina. Ban tsaya nan ba, a gaban matarsa na ce masa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya ce kada in ƙara taka masa gida. Daga Unguwar Sanusi nake zuwa gaida Inna, amma sai na daidaici ya fita kasuwa. 'Ya'yan mai sasanta mutane ke nan! Wallahi abin na cina, girman kai ne kawai ya hana ni sauka.

Bana, ranar da muke taruwa mu yi wa Baba addu'a, dole muka haɗu a tsakar gida, kowa ya kau da kai. Inna ta ce baƙi sun kusa zuwa, a fitar da benci. Samarin gidan suka miƙe. Ta ce, "Ba ku ba. Lawal da Aminu."

Muka kama, ba wanda ya dubi wani. A bakin ƙofa bencin ya cije. Na ja, Yaya ya ja, ya ƙi fita. Sai Yaya ya ce ciki-ciki, "Karkata hagu mana." Na karkata, ya wuce. Ni ke tafiya da baya, zuciyata na tafasa, sai kawai na ji ya yi ƙara, "Aminu, dakali!"

Rabon da in ji sunana a bakinsa shekara biyu. Muna direwa a gindin mangwaro hawaye ya ƙwace mini, shi ma ya juya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Zauna, kai dai bakinka ya fi zarton Baba kaifi."

Har yau ba mu gama maganar zauren ba. Yana da hujjarsa, yaron na bukatar sana'a, ni ma ina da tawa. Amma a kan benci ɗaya muke yin ta, kuma na san za mu daidaita.

Katako ne, wata rana gara za ta ci rabonta. Abin da ba zai ruɓe ba shi ne dabarar mutumin da ya san halin mutane, ya kuma san halin 'ya'yansa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Shekara goma sha ɗaya ba ya duniya, amma bana ma shi ya raba faɗa a gidansa.