Ɗanyen Waken da Na Ajiye a Barikin Kankia

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma akwai abu ɗaya da ya ƙi fita, kuma na san da shi za a kai ni kabari: labarin ɗanyen waken da na ajiye wa maigidana na farko a shekarar ɗiban gwamna.

Wanda bai ga zamanin ba, bari in gaya masa. Lokacin yaƙin Turawa ne, ana bin ƙauyuka ana ɗibar maza ƙarfafa, a kai su Jos haƙar kuza na wasu watanni, ko mutum yana so ko ba ya so. Muna Dudunni, aurenmu bai daɗe ba, ni da shi da mahaifiyarsa da nake kira Inna. Damina ta yi tsakiya, waken da ya shuka a tsakanin gero ya fara yaɗo, sai ɗiban ya faɗo kansa.

Mutumin nan ban taɓa ganin mai son ɗanyen wake irinsa ba. A dafa masa da kwansonsa, a barbaɗa gishiri, ya zauna yana zugewa da haƙora har tuwo ya huce bai waiwaye shi ba. Ranar tafiya, ina ta sharar hawaye da bakin zane, shi kuwa don ya ba ni dariya sai ya ce, "Ke, kukan mi kike? Abu ɗaya ka damuna. Kada ku cinye ɗanyen waken nan ku bar mini busasshe." Wasa yake yi. Ni ce ban ɗauke shi wasa ba.

Da waken ya ƙosa, na shiga gona na tsinko masu kyau, na fara dabaru. Na binne wasu cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, suka yi ɗorawa-ɗorawa suka yanƙwane. Na zuba wasu a sabuwar tukunya na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, suka yi fumfuna. Inna tana kallona tana girgiza kai. "Ɗiyar nan, shanya shi kamar kowa. Ɗanyen wake ba ya jiran mutum." Na ce to, amma a zuciyata na ƙi. Ban gaya wa kowa ba, amma na riga na ƙulla wani abu a raina: muddin waken nan yana kore, to mutumina yana lafiya, kuma zai dawo ya ci.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, yana aikin kuku a wurin wani Bature mai kula da hanya da ke zaune a barikin Kankia. Shi ya taɓa ba mu labarin wani akwati da nama ke kwana a ciki bai lalace ba, muka yi ta dariya muna cewa Kawu ya koyo ƙarya a bariki. Ranar kasuwar Kankia na bi matan garinmu da ƙwaryar wake a kai, ragowar na ƙarshe da bai bushe ba. Na bar su a kasuwa na wuce bariki.

Na yi sa'a Baturen ya fita rangadi. Kawu ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa a kan wannan. Ya kai ni gaban wani farin akwati mai tsayin mutum. Ina durƙusawa sai na hango wuta tana ci a ƙarƙashinsa, lagwani da kananzir kamar fitila. Na rungume ƙwaryata na ja baya.

"Kawu, wuta ce hwa! Ajiya na zo yi, ba dahuwa ba."

"Kawo hannunki," ya ce. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a can sama ya ɗora yatsuna. Na yi ihu na fizge, na rantse ƙonewa na yi. Sai ya ɓallo wani abu ya sa min a tafi, na ga ƙanƙara ce sak irin wadda ke faɗowa da ruwan sama, ga shi kuwa rana na tsaka. Na yi ta salati. Har yau ban gane yadda wuta ke haifar sanyi ba, kuma jikokina masu boko da suka yi min bayani su ma ban ga alamar sun gane ba.

Wurin ƙanƙarar ɗan ƙarami ne, don haka Kawu ya ce abin da gwangwani ɗaya zai ci kawai za a ajiye. Muka zaɓi waɗanda ba su da huji, muka wanke, muka yanke baki da gindi. Sai na ga ya ɗora ruwa a wuta. Muka sake rigima. Ya ce, "Haka nike yi wa na Bature. In kin sa shi ɗanye, baƙi zai yi. Tsoratar da shi kawai za mu yi." Ruwan na tafasa ya watsa waken, kafin in gama mita ya tsame ya tsunduma cikin ruwan ƙanƙara. Wallahi sai ya fito ya fi yadda yake a gona kore. Muka baza a faifai ya tsane sarai, don ya ce in da laima zai dunƙule. Ya cusa a gwangwani, ya rufe gam, ya tura can baya inda idon mai gidan ba zai kai ba.

Daga nan kasuwar Kankia ba ta wuce ni. Ko ba ni da abin sayarwa sai na ƙirƙiro. In Baturen yana nan, Kawu ya leƙo ta bayan kicin ya ce, "Shina nan lahiya lau," in juya da farin ciki kamar saƙo aka kawo min daga Jos. In ba ya nan kuwa, a fito min da gwangwanin, ya yi fari da sanyi, in buɗe in leƙa in mayar. A hanyar komawa ina tafe ina addu'a: Allah Ka sa kananzir ɗin nan kada ya ƙare, Allah Ka ƙara wa wurin nan sanyi. Na yi kewarsa ƙwarai a watannin nan, kewar da ba ni da wanda zan gaya wa, don a lokacin kunya ba ta barin mace ta ce tana kewar miji.

An gama roron wake, an kai gero rumbu, sai 'yan ɗiban suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Wata ranar da hantsi wani mutumin ƙauyen Boko da suka tafi tare da maigidana ya yi sallama a ƙofar gida. Ya rame ƙwarai, yana tari. Da na ga ya zauna ya sunkuyar da kai bai nemi ruwa ba, sai na kira Inna.

"Inna, sai haƙuri," ya ce. "Sanyi ne. Sanyin can ba irin namu ba ne, ga bukkar ba rufin kirki. Ya shiga haƙarƙarinshi. Ni na rufe mishi ido."

Ya rasu tun ana tsakiyar kaka. Wato duk zuwan da nake yi ina leƙa gwangwani ina murna, shi yana ƙasa. Na san babu abin da ya haɗa sanyin bariki da sanyin Jos, malamai ma sun gaya min haka. Amma na daɗe ban iya tuna addu'ar nan tawa ba tare da tsikar jikina ta tashi ba.

Ina cikin takaba Kawu ya zo gaisuwa a kan keke, da gwangwanin a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ranar mutumin Boko ma ya dawo duba Inna. Ta ce in dafa wa mutumin Boko waken. Na ce, "Inna, ba nashi ba ne." Ta dube ni, idonta ya kaɗa, ta ce, "Wanda ya zauna wurin kanshi har ya cika, in bai ci ba wa zai ci?"

Na dafa, na barbaɗa gishiri. Ƙamshin ya cika gidan, Inna ta tashi ta shige ɗaki. Bawan Allah ya ci yana hawaye. Na ɗauki kwanso ɗaya na zuge. Kore shar yake, amma ya yi ruwa-ruwa, zaƙin nan na sabon tsinka babu shi.

Na yi wani auren, da mutumin kirki, na haihu, na ga jikoki. Duk da haka, kowace shekara in aka fara tallar ɗanyen wake sai in ji kewar nan ta dawo sabuwa. Abin da na koya shi ne, ana iya riƙe wa abu launinsa, amma ranar cinsa ba ta ajiyuwa, kuma ajiya ba ta riƙe ran kowa. Shi ya sa ni yanzu ba na jira. In na samu abin da wani nawa yake so, ranar nake dafawa, in aika a kira shi, in zauna in kalle shi yana ci.