Tsagen Baba Arzika

Shekara ashirin da shida Baba Arzika yana riƙe da sitiyari a Riyad, goma na ƙarshe a motar wata makarantar 'yan mata ta unguwar Utaiƙa. Mutumin Dogon Dutse ne, mai son shayi da gardama, da tsagen Arawa biyu-biyu daga gefen baki har kunne. Yara kan ƙura masa ido ta madubi suna ƙus-ƙus. Shi ko a jikinsa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Jikarsa Muhibba, 'yar ɗansa mai aiki a unguwar Ulaya, kullum tana cikin motar, amma can ƙurya take zama, ba ta taɓa gaya wa kowa kakanta ne ba. A gida ta ɗare masa wuya, ta sace masa dabino. A mota kuwa sai "ya sawwag", wato direba. Kai, 'ya'yan yau! Ga shi kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ce ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba, saura wata guda ya koma ƙasarsu gaba ɗaya. Wallahi abin yana yi masa ciwo.

Ana haka malamar tarihi, wata 'yar Sudan, ta ce kowace yarinya ta kawo babba daga gidansu, ya ba da labarin mutanensu da bakinsa. Muhibba ta ce ba ta da kowa. Malama, da ba ta san dawan garin ba, sai ta roƙi direba ya cike gurbin. Namiji ba ya shiga makarantar mata, don haka ta kwaso ajin zuwa cikin mota a bakin ƙofa.

Arzika ya juyo a kujerarsa, ya ce da malama Larabcinsa na cefane ne da faɗa da 'yan tasi, wannan labarin da Hausa uwarsa ta ba shi, da Hausa zai fito. Tsohon nan da wayo! Larabcinsa ras yake. Malama ta tambaya wa zai fassara, ba wadda ta ɗaga hannu. Ya fara abinsa.

"Ina ɗan kwana bakwai wanzami ya yi mini wannan," ya shafa kumatu. "Ina shekara biyar aka yi yunwa, muka bar gari, na ɓace wa uwata a kasuwar Konni."

Yara suna kallonsa ba su fahimta ba. Can sai ga wata ƙaramar murya daga ƙurya tana mayarwa da Larabci. Bai ko kalli wajen ba.

"Wata mai sayar da gyaɗa, ba ta san ni ba, ta dubi fuskata ta ce, wannan namu ne. Ta goya ni. Kwana uku tana raba ɗan kununta da ni tana cigiya, har aka sami uwata. Ba don fuskar nan ba, da yau ba ku da direba."

Muhibba ce ke fassarawa, ita ma yau ta fara jin labarin. Wata ta tambaya ko tsagen ya yi zafi. Ya ce ta je ta tambayi wanzamin, shi lokacin nono ne a gabansa. Mota ta kwashe da dariya.

Sai wata ta juya ta ce, "Muhibba, ina kika koyi yarensa?"

Muhibba ta miƙe, ta ratso tsakanin kujeru har gaba, ta ɗora yatsa a kan tsagen.

"Jaddi ne," ta ce musu, kakana. Sannan ta dube shi, da Hausarta mai karyewa ta ce, "Namu ne."

Arzika ya juya yana goge madubin da ba ya da datti. Washegari ta zauna a kujerar da ke bayansa, kuma a nan ta zauna duk kwanakin da suka rage masa.