Kwandon Gwaggo a Gidan Tarihi

A Agege aka haife ni, a wani dogon gida mai ɗakuna fuska da fuska, dab da layin dogo. Idan jirgi ya taho kwanukan da ke kan kanta sai su riƙa rawa, mu kuwa ko waiwaye ba ma yi. Gidan na kakanmu ne, wanda fataucin goro ya kawo shi Ikko tun yana saurayi, bai kuma koma ba. Bayan rasuwar mahaifina, yayarsa ce ta riƙe gidan, ita ce kuma ta riƙe ni. Gwaggo kowa ke ce mata, har masu haya.

Sana'arta zaɓen goro. Da safe za ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, ta zauna ta miƙe ƙafa, tana ware fari da ja, tana fitar da wanda sankara ta ci, sannan ta jera mai kyau a kwandon da ta lulluɓe cikinsa da ganyen fita. Ganyen kuwa wata Bayarabiya ce ke kawo mata daga ƙauye, ɗaure a ka, raɓa ba ta gama bushewa a jikinsa ba. Iya muke kiranta. Ban taɓa ganin sun rabu ba tare da sun yi musu ba. Gwaggo ta ce ganyen ya tsufa, Iya ta ce idon Gwaggo ne ya tsufa. Gwaggo da Yarbanci take faɗan, Iya ta rama da Hausa, kowace tana gyara wa ɗayar harshe. Da sun gaji sai a raba goro ɗaya biyu, Iya ta kishingiɗa a tabarmarmu har rana ta yi sanyi.

Sannu a hankali leda ta shigo kasuwa, masu sayen ganye suka ragu, zuwan Iya ya yi nisa, har ya yanke. Ba mu san ƙauyenta ba, don ba mu taɓa zaton za mu buƙaci sani ba. Daga baya aka zo faɗaɗa hanya, layinmu gaba ɗaya ya shiga ciki. Maƙwabta suka watse, wasu Ojo, wasu Ojota, wasu suka koma Arewa. Ni da mijina muka ɗauki Gwaggo zuwa Idi-Araba, inda muke haya a hawa na biyu.

Matar da ba ta iya zama shiru sai ga ta ta yini a baranda tana kallon rufin gidajen mutane. Tana cin abinci, tana sallah, ba ta ƙorafi. Wani lokaci nakan ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta kamar tana juya goro. Ni ma ina kewar gidanmu, amma ina da yara da shago, ba ni da sukunin zama in tuna.

Ana nan sai ƙawata ta ƙuruciya ta kawo mana ziyara. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, sun daɗe suna haya a gidanmu. Tare muka tashi, ranar Lahadi ta tafi coci, ranar Sallah ta riga ni zama gaban tukunya. Yanzu malamar makaranta ce. Ta ce ita da wasu 'yan unguwa sun samu wani tsohon siton goro da rusau bai kai kansa ba, suna so su mayar da shi gidan tarihi, domin yaran da ke tasowa su san an yi unguwa a wurin kafin gada da manyan shaguna. Kowa yana ba da abin da ya tsira da shi. Ta roƙi Gwaggo kwando ɗaya.

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. “Tarihi na waɗanda suka shuɗe ne. Ni ban mutu ba tukuna.”

Ƙawata ta yi dariya, ta ce ba komai Mama, ta ci tuwonta ta tafi. Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta sa na jawo mata kwandon daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da kanta, ta ce in kai, amma in faɗa musu aro ta ba su.

Da aka buɗe wurin ta ce sai ta je ta ga yadda suka ajiye mata kaya. Muka hau motar haya ta danfo, muka sauka Oshodi, muka sake hawa wata. Da muka isa Agege na rasa gabas da yamma. Inda nake zaton ƙofar gidanmu take, ƙafar gada ce, masu okada sun yi layi a inuwarta. Gwaggo ba ta tsaya ba, ba ta ko kalli wajen ba, ta dai ƙara riƙe hannuna.

Gidan tarihin ɗaki ɗaya ne dogo, rufin kwano, an shafe shi da farar ƙasa, amma ƙanshin goro bai bar bangon ba. Akwai fitilar ma'aikacin jirgi, da keken ɗinkin telan layinmu, da akwatin ƙarfen wani maigadi mutumin Nijar wanda ya sha ba mu dabino, da hotunan suna da biki da mutane suka ciro daga bangonsu. A wani hoton na hango gefen rijiyarmu, da igiyar shanya. Na daɗe tsaye a wurin. Can ƙarshen ɗakin ga kwandon Gwaggo a kan tebur, an kewaye shi da igiya.

Ta ɗaga igiyar ta shiga abinta. Ta ce wa ƙawata ba a barin kwandon goro baki buɗe babu komai a ciki, ba kyan gani. Ƙawata ta ce in dai Mama za ta zo ta cika shi, ita za ta nemo ganye ko ina yake. Neman ya ɗauke ta lokaci, don masu sayar da shi sun yi ƙaranci. A kasuwar Mile 12 ta samu wata mata mai kawowa, hira ta yi hira, ƙawata ta ba ta labarin tsohuwar da ake nema wa ganyen. Matar ta ce surukarta ta yi wannan sana'a a Agege shekaru da yawa, har Hausa take ji.

Ranar Asabar ɗin da aka sa za a kawo ganyen, muna zaune a gidan tarihin, Gwaggo tana wanke goro, sai ga wata tsohuwa an riƙo ta, ta rame, tana dogara sanda, da ɗaurin ganye a hammata. Na gane ta tun kafin ta ƙaraso. Na zaci za su rungume juna su yi kuka. Gwaggo ta karɓi ɗaurin, ta kwance, ta ɗaga ganye ɗaya wajen haske.

“Wannan ya tsufa,” in ji ta da Yarbanci.

“Har yanzu ba ki sayi tabarau ba?” Iya ta amsa da Hausa.

Ni ce na fita waje na yi kukan.

Daga nan Asabar ta zama tasu. Labari ya kai Ojo da Ojota, tsofaffin maƙwabta suka fara zuwa, kowa da ɗan abincinsa. Yaran makaranta sukan zauna a ƙasa suna kallon yadda ake jera goro, suna tambaya da Turanci, ana ba su amsa da abin da ya zo baki. Iya ta ga bayan siton ƙasa ce mai danshi, ta sa aka dasa ganyen a wurin, ya kuwa kama. Wasu masu alale da agidi na kusa suka koma ƙunsawa a ganye, suka ce masu saye sun fi so. Ba zan ce unguwa ta canza ba. Leda na nan tana toshe kwata, in an yi ruwa sai an tattare zane. Amma a wannan lungun an samu abin da ke tsirowa, an kuma samu inda mutum zai zo a kira shi da sunan da aka san shi tun yana yaro.

Nakan tsaya daga baya ina kallonsu. Muryoyin duk na sani, sai dai da yamma kowa zai ɗauki jakarsa ya nemi mota, maimakon ya ɗaga labule ya shiga ɗakinsa.

Da damina ta shigo ƙafar Iya ta matsa mata, ta daina zuwa. A wannan karon Gwaggo ba ta jira ba, ta sa surukar Iya ta yi mana kwatance. Tafiya ce mai nisa, bayan Sango, ƙarshenta sai da muka hau okada cikin taɓo, Gwaggo tana salati a bayan direba. Muka samu Iya kwance a rumfa, ƙafar a kumbure. Gwaggo ta zauna a gefenta ta ɗora ƙafar a cinyarta tana matsawa da man zafi, suna lissafa mutanen layinmu, wane ya rasu, wance tana wajen ɗanta. Da la'asar na ce mu kama hanya kafin ruwa ya sauko. Gwaggo ta ce in tafi, yara na jirana, ita sai ƙafar nan ta saɓe. Na koma Idi-Araba ni kaɗai, washegari na haɗa mata kayan sawa da maganinta na aika.