Agwagwar da Na Ce An Yanka

Ku ba ni aron kunnuwanku, manya da yara, ku gyara zama. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru, kuma yawancin waɗanda aka yi a gabansu suna nan da ransu, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba.

A lokacin ni tsohuwa ce mai jikoki, mijina ya rasu ya bar mini gida a Kurmin Sarki, nan Suleja. Ban yi boko ba, amma in dai kiwon kaji da agwagi ne, ban san wadda ta fi ni ba a unguwarmu. Tun ina amarya nake yi. In na ɗaga ƙwai na duba shi a rana, sai in gaya miki ko zai ƙyanƙyashe ko ya lalace. Da can unguwa fili ce, kaza ta fita da safe ta dawo da magariba, ba mai cewa uffan. To, sai gari ya cika. Aka gine filaye, aka zuba 'yan haya, yawancinsu ma'aikatan Abuja masu fita da farin kaya. Agwagwa kuwa ba ta san farin kaya ba, inda ta ga dama nan take kashi.

Jikin katangata akwai gidan haya, a ciki akwai wata Malama, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tana koyarwa a firamare. Iya take ce mini, har ƙasa take gaishe ni. Ita ce ta fara kai kuka wurin mai unguwa, ta ce ruwan da take saye a wurin 'yan ga-ruwa agwagina ke shiga su yi wanka a ciki, ta dawo daga makaranta ta tarar ba na girki ba na sha. Wasu ma suka kai nasu kukan. Mai unguwa ya tara dattawa da duba-gari aka kafa doka: duk mai kiwo ya yi akurki ya killace abinsa, kada ya jingina shi da katangar maƙwabci ko ya kai shi kusa da rijiya. Wanda aka ga nasa a waje, karon farko gargaɗi, karo na biyu ya rabu da kiwon gaba ɗaya. Ba a yi wata guda ba aka yi mini na farkon, a gaban mutane. Na haɗiye, amma na ƙullaci Malama.

Ga laifina na farko. A gindin katangata akwai rariya da nake toshewa da dutse. In rana ta take, ma'aikata sun watse, yara suna makaranta, sai in ɗauke dutsen agwagi su fita su sha iska, kafin la'asar in kira su da dusa. Ina ce wa raina, wa zai koya mini kiwo a tsufana? Ran nan na kira, duk suka dawo ban da wata fara, wadda ta fi kowacce ƙwai. Tsoro ya kama ni, na mayar da dutsen ban ƙara sakin sauran ba.

Bayan kwanaki na shiga gidan hayar barkar haihuwa, sai na ga farin gashi a warwatse a ƙofar ɗakin Malama. Ku ji da kyau, nan ne gaɓar. Gashin da aka fige bayan yanka daban yake, yana da tsini, yana a jiƙe. Wannan kuwa laushi ne kamar auduga, irin wanda agwagwa ke cirewa daga ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta in za ta yi kwanci. Ni na san haka tun ba a haifi Malama ba. Amma ƙullin da ke zuciyata ya rufe mini ido. Na ɗebi gashin na ɗaure a bakin zane, na tsaya a tsakar gidan mutane na ce ga wadda ta hana mu kiwo, ashe romo take so. Da aka tambaye ni yaya agwagwar ta fito, na ce tawa ba ta fita, sai dai in ta katanga aka ɗauke ta.

Magana zarar bunu ce. Kafin sati unguwa ta ɗauka. Mai gidan hayar ya ce shi ba ya ajiye mai dogon hannu, ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. Ta zo ta same ni ina tankaɗe, ba ta zauna ba. Ta ce, ita ba ta iya ko yanka kaza ba, sai ta kai kasuwa an yanka mata, kuma yanzu in ta shiga aji yara na yin tafiyar agwagwa a bayanta. Ta ce in ji tsoron Allahn da nake yi wa salla. Na ce mata ta je ta tambayi tukunyarta.

Saura kwana shida wata ya ƙare, na ɗauke dutsen rariya don in wanke tsakar gida. Ina cikin shara sai ga kai ya leƙo. Farar agwagwata ce, ta rame, ƙirjinta duk a fige. Ta ci dusa kamar ana korarta, ta tsoma kai a kasko, ta juya ta fice. Na yafa mayafi na bi ta. Ta shiga gidan hayar, ba kowa sai mai jego tana barci, ta kutsa wani lungu bayan ɗakin Malama inda mai gidan ya jibge tsofaffin kwanon rufi. Na durƙusa na leƙa. Ƙwai goma sha uku, a kan gashin ƙirjinta.

Na daɗe a durƙushe. Ba wanda ya gan ni. Da na so, in naɗe ta a mayafi, in kwashe ƙwan, in yanka ta a bayan ɗakina, shi ke nan magana ta mutu. In kuwa na faɗa, na tona wa kaina asiri cewa ina sakin su, kuma karo na biyu ke nan. Shekara arba'in da wani abu na kiwo. Shaiɗan ya yi mini lissafi mai kyau ran nan, amma na tuna kabari ba ya cin mutum biyu.

Daga nan ban koma gida ba, ƙofar mai unguwa na nufa. Na ce a kira mai gidan haya, a kira Malama in ta taso. Da suka hallara na kai su lungun da ƙafata, na ɗaga kwanon da hannuna, na faɗi komai, har da dutsen rariya. Mai unguwa ya ce, Iya, kin san hukuncin. Na ce na sani, da shi na taho a bakina, kada a rage mini don furfura. Mai gidan hayar ya fara kame-kame, wai shi dama bai yarda ba. Malama ba ta ko dube shi ba. Ni ta duba, ta ce ta ji, amma a tsakar gida aka kira ta ɓarauniya, ba a lungu za a wanke sunanta ba. Na ce ta yi gaskiya. Kwana biyu ina bin unguwa gida-gida da ciwon gwiwata, ina sallama ina cewa ƙarya na yi wa Malama. Ban tsallake ko ɗaya ba, har makarantarsu na je.

Ranar kasuwar Lambata aka kwashe kajina da agwagina. Na tsaya na ga an sa su a mota, ban yi kuka a gaban kowa ba. Mai kwancin kaɗai aka bari, don Malama ta ce ita baƙuwarta ce, ba mai tashinta sai ta sauka.

'Yan uwana mata masu kiwo, in an kafa doka a unguwa ba ta yi muku ba, ku je ku faɗa a gaban dattawa, kada ku bi ta rariya. Mai ɓoye laifinsa shi ya fi kowa saurin ɗora wa wani. Abin da na rasa da yawa, amma na fita unguwa kaina a ɗage, ba wanda zai ce an kama ni. Ni na kai kaina.

Mai unguwa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, dokarsa tana nan. Mai gidan hayar ya sayar da gidan. Agwagwar ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya, na aika su duka wa ƙanwata a Diko. Malama ta yi shekara biyu kafin ta sake kirana Iya. Yanzu ta gina nata a bayan gari, kuma da za ta aurar da 'yarta, ni ta sa a gaban mota. Ni kuwa ina nan, akurkina ya zama ɗakin gawayi, ƙwai ma saye nake yi. Nan na sauke.