Saƙon Kano a Ƙarƙashin Gado

Ni na fara cewa ina son ganin goggon biri, ba wanda ya cusa min. Karatun Hausa na koya a ajin yaƙi da jahilci a Kano bayan na yi aure, Turanci kuma sai da muka zo Landan, a ajin manya nan Peckham. Littafin Turanci na farko da na karanta daga bango zuwa bango na yara ne, a kan goggon birin da ke zaune a tsaunuka. A ciki akwai hoton wata uwa ta rungume ɗanta, tana tsince masa ciyawa daga gashi. Na nuna wa 'yata ta fari, lokacin tana firamare, na ce, "Wannan kam da zan gan ta da idona."

Ni na manta da maganar, ita kuwa ashe ta riƙe. Shekarar da na cika sittin, ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya, ta zo flat ɗina da takardu ta baje a tebur ta ce ta kama mana jirgi da masauki, ni da ita, za mu Yuganda.

Shirin ba ƙarami ba ne. Takardar izinin shiga dajin tun watanni ake nemanta, da sunanka da ranarka a jiki, ba ka sauya ta yadda ka ga dama. Mutum takwas kawai ake kaiwa wurin garke ɗaya, awa ɗaya za ku yi ku juyo. Mai mura ba ya shiga, don birran suna ɗaukar ciwon mutane. Ta sayo min takalmin hawan dutse, da safar hannu saboda ganye mai ƙaiƙayi, ta ce wando zan sa a ƙarƙashin doguwar rigata in cusa ƙafarsa cikin safa saboda kwarkwasa. Kowace Lahadi mukan hau tudun Greenwich, tana gaba tana cewa, "Umma, saura kaɗan," ina baya ina haki. A raina ina murna kamar yarinya. Amma ban gaya wa kowa ba.

Muna da zaman mata ranar Asabar, mu yi karatun Alƙur'ani, a sha shayi, a taɓa hira. Tafiyar da ake ambata a wurin iri biyu ce, ko gida ko Umra. Na rasa bakin da zan buɗe in ce mace mai jikoki za ta hau jirgi ta je kallon biri.

Ranar da aka yi min allurar shawara, da na naɗe hannun riga zan yi alwala, wata ta ga filasta a damtsena.

"A'a! Tafiya za a yi ke nan, ake ɓoye mana?"

Na ce, "Eh, wata mai zuwa in Allah ya yarda."

"Ashe gida za ki! Jama'a, ga mai tafiya Kano!"

A nan ya kamata in ce a'a. Na sunkuyar da kai na yi murmushi, aka yi ta Allah ya kai lafiya.

Duk wanda ya zauna a ƙasar waje ya san abin da ke biyo baya. Mai zuwa gida ba ya tafiya da kayansa kaɗai. Kafin mako ya zagayo saƙo ya fara zuwa: takalman yara, man zafi, turare, waya a kwalinta, kowanne da sunan mai karɓa a jikin leda. Ina karɓa ina turawa ƙarƙashin gado, ina ce wa kaina Asabar mai zuwa zan faɗi gaskiya. Asabar ta zo ta wuce har sau biyu.

Sai Yaya ta zo. Ba uwa ɗaya muke ba, amma haka nake kiranta, don ita ta karɓe ni lokacin da na sauka garin nan ban san ko lambar bas ba. Ita ta raka ni asibiti haihuwar fari. Mahaifiyarta tana Kano, ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi. Fiye da shekara Yaya ba ta yi magana da ita a waya sun fahimci juna ba, sai dai a yi kiran bidiyo su yi ta ɗaga wa juna hannu.

Ta zauna ta ciro wani ɗan akwati daga jaka. Na'urar ƙara ji ce, guda biyu, kowace ba ta kai ƙwallon dabino ba.

Ta ce, "Ƙanwata, ƙanen likitan nan zai tafi jibi, ya ce in kawo ya kai. Na ce masa a'a, na gode. Namiji zai miƙa a ƙofar gida ya wuce. Ke kuwa za ki zauna da ita ki sa mata da hannunki. Kin san Inna, in ba a lallaɓa ta ba cirewa za ta yi."

Jibi ta ce. Da na yi magana a lokacin, da ta kira shi ya kai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ta lafiya."

Tun bayan azahar har la'asar tana koya min. Ga mai jan ɗigo ta dama, mai shuɗi ta hagu. Ga yadda ake buɗe murfin batir da farce. In ta yi fito, ba ta zauna daidai ba ce, a ƙara tura ta a hankali. Ta sa na gwada a kunnenta har sau uku, tana dariya tana cewa hannuna sanyi gare shi, daidai da tsohuwa. Na koya tsaf. Har na rubuta a takarda da hannuna, ina sane sarai ba inda zan kai ta. Da za ta tafi ta ce, "Ranar da kika sa mata, ki kira ni nan take. Ina so muryata ce farkon abin da za ta ji."

Ƙanen likita ya tafi ranarsa.

Kwana huɗu bayan haka 'yata ta zo mu gwada haɗa kaya. Ta durƙusa za ta jawo takalmina daga ƙarƙashin gado, sai ga ledoji suna biyowa. Ta karanta sunayen unguwannin da ke jiki ɗaya bayan ɗaya. Ita da Turanci take amsa min tun tana ƙarama, amma ranar da Hausa ta yi magana, a hankali.

"Umma, me kika gaya musu?"

"Ban ce komai ba, 'yar nan. Su suka ɗauka."

"Kuma kika bar su." Ta ɗago ɗan akwatin. "Wannan na waye?"

Na gaya mata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kunyar tafiyar kike ji, ko kunyata?"

Na ce ba ko ɗaya. Ta san ba gaskiya ba ne, ta mayar da takalmin inda yake, ba mu haɗa kayan ba ranar.

Washegari na loda saƙonnin a jakar cefane mai taya na bi gida gida. Yawancinsu dariya suka yi har da riƙe ciki. Mai man zafi ta ce, "Goggon biri? Hajiya, ga gidan zu nan a Regent's Park, bas biyu ne!" Mai turare ta ce in na je in gaishe mata da dangin mijinta. Abin da na yi makonni ina tsoro ke nan, bai wuce minti biyar a kowace ƙofa ba.

Gidan Yaya na bari a ƙarshe. Ta buɗe ƙofa ta ga akwatin a hannuna, ta ce, "An fasa tafiyar?"

Na ce, "Ba a fasa ba, Yaya. Ba Kano za ni ba. Tun farko ba Kano ba ne."

Na faɗa mata duka a tsaye a bakin ƙofa, har littafin yaran. Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi akwatin ta buɗe ta duba, ta rufe.

Ta ce, "Ranar da na ce miki yaron nan jibi zai tafi, kin sani?"

"Na sani."

"Da kin ce min biri za ki gani, da na yi miki tsiya kwana biyu na manta." Ta matsa daga bakin ƙofa. "Shigo ki sha ruwa."

Na shiga na sha, ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Mun yi tafiyar ni da 'yata. Na hau tsaunin da sanda, na ga wata uwar goggon biri da ɗanta kusa da ni ƙwarai, ina sanye da takunkumi. Hotunan suna wayata, ban nuna su a zaman Asabar ba.

Na'urar sai bayan wata biyu ta samu mai kaiwa, wani ɗalibi, ya miƙa wa wani jika a ƙofar gida. An sa wa Inna sau ɗaya, ta yi fito a kunnenta, ta cire ta ce a ajiye mata a kwalla. Yaya tana gaishe ni kamar kullum, har takan tambayi gwiwata. Ranar Asabar da ta wuce na ga ta koma gefe da waya, tana ɗaga wa tsohuwar hannu. Takardar da na rubuta ta dama da ta hagu tana cikin jakata har yanzu, na kasa yar da ita.